Ina direba zai yi numfashi? Yadda ake auna wahalar tseren mota kafin a tada inji

A daren Lahadi 8 ga Oktoban 2023 aka yi tseren motoci na Formula 1 a filin Lusail da ke Katar. Duk wanda ya dubi taswirar filin kafin ranar ba zai ga abin tsoro ba. Titi ne mai tsawon kilomita 5.4 da kwana 16, an zuba masa sabuwar kwalta sumul, babu katanga kusa da hanya, ga fili ta kowane gefe inda mota za ta iya zamewa ta dawo lafiya. Amma kafin a gama tseren, Logan Sargeant ya ajiye motarsa da kansa domin jikinsa ya ƙi. Esteban Ocon ya yi amai a cikin hular kwanonsa tun wajen zagaye na 15, ya daure har ya ƙare a na bakwai. Lance Stroll ya ce ganinsa dusashewa yake yi a cikin kwana, kuma yana fitowa daga mota ya nufi motar asibiti yana tangaɗi. An kai Alex Albon ɗakin likitoci. Fernando Alonso kuwa, dattijon direbobin, roƙo ya yi ta rediyo a watsa masa ruwa idan ya tsaya canjin taya, domin kujerarsa tana ƙona shi.

Waɗannan ba 'yan koyo ba ne. Kowannensu na da mai horar da jikinsa da mai kula da cimarsa, kuma ƙungiyoyinsu na da ɗaruruwan injiniyoyi waɗanda aikinsu ke nan, su lissafa yadda tsere zai kasance tun kafin a loda motoci a jirgi. Duk da haka daren ya zo musu a ba-zata. To da me ake auna wahalar tsere, kuma me ya kuɓuce wa masu lissafi a Katar?

Ni dai a ganina tambaya ɗaya ce ta fi kowace amfani: a cikin zagaye guda, ina direba zai huta, kuma na daƙiƙa nawa? Sauran ma'aunai kusan duk daga jikinta suke fitowa.

Mai kallo yakan fara tambayar gudu, alhali gudu shi ne ma'aunin da ya fi yaudara. Babu filin da ya kai Monza na Italiya gudu, motoci na wuce kilomita 340 a awa, kuma a 2025 Max Verstappen ya kammala zagaye 53 cikin ƙasa da minti 74. Amma direbobi ba sa sa Monza cikin jerin filayen da ke karya jiki. Kwana 11 ne kacal, sauran duk miƙaƙƙen titi, inda mutum zai danna totur ya sassauta kafaɗa, ya ja numfashi, ya tsotsi ruwa ta 'yar tiyon da ke shiga hularsa, har ya yi magana da injiniyansa. Ga kuma wani lissafi mai sauƙi. Doka ta ce kowane tsere sai ya wuce kilomita 305, in ban da na Monako. Tunda nisan ɗaya ne, filin da ya fi gudu shi ne aka fi saurin gamawa. Direban Monza ya yi wanka ya sa kaya a lokacin da takwaransa na Singafo ke da sauran kusan rabin awa ko fiye a cikin mota, domin tseren Singafo ya sha kusantar awa biyu, iyakar lokacin da doka ta yarda a yi ana gudu.

Gudu kansa ba ya taɓa jiki. Wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya san ana shan shayi a sararin samaniya ba ya zuba, alhali jirgin na ninka gudun motar tsere. Canjin gudu ne ke taɓa jiki, wato birki da kwana, kamar yadda fasinjan bayan a-kori-kura ke ji idan direba ya taka birki ba shiri. A motar Formula 1 wannan fizgar kan kai ninki biyar na nauyin mutum, wani lokaci har shida. Kan direba da hular kwano sun kai kilo shida zuwa bakwai. Ninka da biyar, ka ga ya wuce kilo 30. Kamar a rataya maka jarkar ruwa mai lita 25 har da ƙari a gefen kai, a cire, a sake ratayawa ta ɗaya gefen, a yi ta yi sau ɗaruruwa. Shi ya sa in ka lura da wuyan waɗannan samari za ka ga ya kusa kai faɗin muƙamuƙinsu. Birkin ma ba shi da abin taimako irin na motar gida, da ƙarfin ƙafar hagu ake taka shi, kuma a birki mai tsanani nauyin da ake dannawa ya wuce kilo 100. A tsakiyar kwana mai ƙarfi mutum ba ya iya numfashi yadda ya kamata, sai ya ɗaure ciki ya riƙe har ya fita. Zuciya kuma tana bugawa tsakanin 150 da 180 a minti, kusan tun daga farko har ƙarshe.

Saboda haka mai ƙiyasi na ƙwarai ba ƙirga kwana yake yi ba, ƙirga daƙiƙoƙin da jiki ke ƙarƙashin fizga yake yi. Ƙaramar kwana mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wadda ake rage gudu sosai kafin a shige ta, birkinta ne kawai ke da zafi. Doguwar kwana da ake shiga da gudu ita ce mugu. Kwana ta takwas a filin Istanbul ta yi suna a kan haka, lanƙwasa huɗu ce a haɗe, duk ta hagu, wuya na ɗauke da lodin ba sauke ba hutu. Suzuka na Japan ma haka yake a farkon zagaye, hagu, dama, hagu, dama, babu inda za a ce an miƙe. A da ana ƙara wani lissafi a kai, wai filayen da ake zagayawa ta hagu kamar Interlagos na Burazil sun fi gajiyar da wuya tunda yawancin filaye ta dama ake zagaya su. Maganar na da ƙamshin gaskiya, sai dai yanzu irin waɗannan filaye sun yi yawa, ga Austin, ga Baku, ga Jidda, ga Abu Dhabi, ga Singafo, har wuyan kowa ya saba da ɓangare biyun.

Sai zafi, kuma a nan ne mutane suka fi kuskure, domin suna duba digiri su tsaya. Direba na sanye da kayan da wuta ba ta ci tun daga ƙafa har wuya, ciki da waje, ga safar hannu, ga hular da ke rufe kai a ƙarƙashin ta kwano. Inji na bayansa, na'urorin lantarki na kewaye da shi, iskar da ke fitowa daga birkin gaba mai zafi ce. A ranar zafi mazauninsa kan wuce digiri 50. Makamin jiki ɗaya ne, gumi, kuma gumi ba ya sanyaya mutum sai in ya bushe. Wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuma ya taɓa kwana a Legas ya san bambancin. A Arewa digiri ya fi yawa, amma iska busasshiya ce, gumi na fita tana lashe shi. A bakin teku digiri 30 ma sai ka ji kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo, gumi na zuba amma ba ya maganin komai. Singafo irin ta bakin tekun ce. Tun da aka fara tseren a 2008 da dare ake yin sa, ƙarfe takwas, ƙarƙashin fitilu, amma zafin na nan wajen digiri 30, iska cike da laima, kuma dogayen gine-gine da katangu sun tare ta. Direba kan rasa kilo biyu zuwa uku a tsere ɗaya, kusan duk ruwa ne. Abin shan da ke cikin motar bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba, kuma kafin a yi nisa ya koma kamar shayi.

Illar ƙishirwa ba a hannu take farawa ba, a kai take farawa. Mutum na jin yana da sauran ƙarfi, amma hukuncinsa ya fara jinkiri da ɗan abin da ido ba ya gani, kuma a titin da katanga ke gogar taya wannan ɗan abin ya isa. A Singafo a 2023 George Russell na matsayi na uku a zagayen ƙarshe, yana bin Lando Norris ƙafa da ƙafa, sai tayarsa ta taɓa katanga ya zarce cikin shinge. Ba zan ce gajiya ce kaɗai ta jawo ba, amma irin wannan kuskure ya fi son zagaye na 62 a kan na biyu. Tarihi ma ya ajiye nasa misalan. A Rio a 1982 Nelson Piquet ya some a kan dandalin karɓar kofi. A Dallas ta Amurka a 1984, cikin zafin Yuli, motar Nigel Mansell ta mutu dab da layin ƙarshe, ya fito yana tura ta, ya yanke jiki ya faɗi. Keke Rosberg, wanda ya ci tseren, ya sa wata hula mai zagaya ruwan sanyi a ƙarƙashin ta kwano.

Wani abin sha'awa game da Singafo shi ne agogo. Tunda tseren na dare ne, direbobi da makanikai ba sa komawa lokacin ƙasar, suna zama a kan agogon Turai. Da asuba suke kwanciya, su tashi bayan azahar, a toshe tagogin otal kada haske ya shiga. Barci ma yana cikin lissafi, musamman idan an jera tsere uku mako-mako a nahiyoyi daban-daban.

To amma Singafo sananniya ce, kowa na shirya mata tun watanni kafin a je, wasu har su riƙa tuƙa keken motsa jiki a ɗaki mai zafi don jiki ya saba. Me ya sa Katar ta fi ta kayar da mutane a 2023? Amsar na cikin taya, kuma wannan shi ne ɓangaren da mai kallo bai cika sani ba.

A yawancin tsere direba ba ya gudu da iyakar ƙarfin motarsa. Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, don haka mota na tashi da tanki cike, wanda a shekarun nan har zuwa 2025 yakan kai kilo 110. Tayoyin Pirelli kuma, kamfanin da shi kaɗai ke kawo taya tun 2011, an yi su ne su riƙa cinyewa. Idan ka matsa musu suka yi zafi fiye da kima, sai su daina kama ƙasa. Tsayawa canjin taya na cin sama da daƙiƙa 20 a yawancin filaye, don haka kowace ƙungiya na son rage tsayawa. Sai injiniya ya yi ta ce wa direba ya lallaɓa taya, ya ɗaga ƙafa da wuri kafin birki, ya shiga doguwar kwana a hankali. Sakamakon shi ne zagayen tsere ya fi na ranar Asabar, ranar neman gurbin farawa, jinkiri da daƙiƙoƙi da dama. Wannan lallaɓawa don taya ake yin ta, amma jikin direba na cin moriyarta a ɓoye. Hutu ne da ba a rubuta shi a taswira ba.

A Katar an ƙwace wannan hutun. Bayan atisayen Juma'a, Pirelli ya yanka tayoyin da aka yi amfani da su ya ga gefensu ya fara rabuwa ta ciki, saboda ƙwanƙwasar da suke sha a kan sababbin dakalan gefen hanya masu tsini. Don gudun fashewa, FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ta yanke cewa kada a wuce zagaye 18 da taya ɗaya. Tseren zagaye 57 ne, ke nan dole kowa ya tsaya aƙalla sau uku. Tunda taya ba za ta daɗe a ƙafa ba, me za a lallaɓa? Sai kowa ya sake wa mota mara, aka yi zagaye bayan zagaye kamar ana neman gurbi. Ƙara da cewa Lusail don tseren babura aka gina shi a 2004, kwanoninsa dogaye ne masu gudu, miƙaƙƙen titinsa na kirki guda ɗaya ne. Ƙara da farkon Oktoba a gaɓar Tekun Fasha, sama da digiri 30 da dare, ga laima, iska ta kwanta. Motar da ke fitowa ta jagoranci tsere a hankali idan an yi haɗari ta fito ne a zagayen farko-farko kawai, bayan Lewis Hamilton da Russell sun yi karo a kwanar farko, daga nan ba a sake samun sararawa ba.

Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan an san shi, kuma shi kaɗai ba zai kayar da kowa ba. An yi tsere a wannan filin a Nuwamban 2021 ba a ji irin wannan kukan ba. A 2025 ma an sake sa iyaka a kan taya, zagaye 25, amma a ƙarshen Nuwamba ne, kuma ba a ga ana tallabe direbobi ba. Kuskuren lissafi shi ne a ɗauka waɗannan abubuwa tarawa ake yi, alhali ninka juna suke yi. Zafi na sa zuciya ta ƙara aiki, doguwar kwana na hana numfashi, rashin lallaɓa taya na tsawaita kowace fizga, kuma babu miƙaƙƙen titin da za a biya bashin. Hukuncin da aka yanke don kare rayuka daga fashewar taya shi ne ya kai mutane ɗakin likita, kuma ban ga laifin waɗanda suka yanke shi ba, ɗayan zaɓin ya fi muni.

Akwai kuma wahalar da ba ta jiki ba. Monako ne tsere mafi gajarta, kilomita 260, kuma mafi ƙarancin gudu, akwai kwanar da ake shiga da ƙasa da kilomita 50 a awa. Amma zagayen kilomita 3.337 ne ake maimaitawa sau 78 a lungunan gari, ƙarfen shinge hagu da dama, babu inda ido zai huta. Ana danganta wa Piquet maganar cewa tuƙi a can kamar hawan keke ne a cikin falo. A 1988 Ayrton Senna ya bai wa Alain Prost rata ta kusan daƙiƙa 50, ƙungiyarsa ta ce ya sassauta tunda nasara ta zo hannu. Ya sassauta, hankalinsa ya ɗan saki, ya daki shinge a kwanar Portier a zagaye na 67. Bai ko koma wajen ƙungiyarsa ba, gidansa da ke kusa ya wuce. A irin wannan fili hutun da ke ceton jiki a wani wuri shi ne ke kashe tsere.

Sai dai Monako na tilasta wa mai ƙiyasi ya fayyace abin da yake nufi da wahala. Wahalar gamawa lafiya? Wahalar wuce na gaba? Wahalar cin kofi? Motocin yanzu sun yi wa titin faɗi, wucewa ta zama kusan ba ta yiwuwa. A 2024 mutum goman farko sun gama daidai yadda suka fara, Charles Leclerc a gaba. Ke nan ainihin gumurzun ranar Asabar ake yin sa, cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, ranar Lahadi kuma sau da yawa jerin gwano ne, na gaba na tafiya a hankali da gangan domin ya san babu mai wuce shi. A gaskiya ni na fi jin tsoron Jidda. Ita ma katanga ce ta ko'ina, amma kwana 27 ne a kilomita 6.174, kuma matsakaicin gudun zagayen neman gurbi ya kai wajen kilomita 250 a awa. Yawancin kwanonin makafi ne, ba ka ganin abin da ke bayansu sai ka shiga.

Fili ɗaya kuma ba ya zama ɗaya ga mutum biyu, domin mota na canza komai. A 2022 sababbin motoci sun zo da wata cuta ta tsalle-tsalle a miƙaƙƙen titi, ƙasan mota na dukan kwalta. A Baku, inda miƙaƙƙen titin ya fi na ko'ina tsawo kuma ya kamata a huta, nan ne Hamilton ya fi shan azaba, da ƙyar ya fito daga motarsa yana dafe da baya. A 2023 ƙungiyar Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, ɗayan da ya kuɓuce mata shi ne Singafo, inda motar ta ƙi jituwa da gargadar titi, Verstappen ya fara a na 11 ya ƙare a na biyar. A Burazil a 1991 giyar Senna ta lalace, ya ƙarasa zagayen ƙarshe da giya ta shida kaɗai, ya ci tseren, amma sai da aka taimaka masa ya fita daga mota, kofin ma da ƙyar ya ɗaga. Birnin Meziko kuwa misali ne na ƙiyasin da ke juyewa. Filin na sama da mita 2,200 daga matakin teku, iska ta yi siriri, kowa na zaton direba ne zai galabaita. Yana ji a numfashinsa, amma mota ce ta fi shan wuya, inji da birki ba sa samun iskar da za ta sanyaya su, fukafukan da ke danne mota ƙasa ba sa samun abin kamawa. Motar na santsi, ba ta iya shiga kwana da ƙarfin da ta saba, fizgar wuya ta ragu, aikin ya koma na lallashi.

Matsayi ma haka. Na gaba na shaƙar iska mai tsabta yana tafiya yadda ya ga dama. Na tsakiya na cikin zazzafar iskar da motar gabansa ke fesowa, wadda ke rage masa kamun ƙasa ta kuma dafa masa taya, ido ɗaya a gaba ɗaya a madubi.

Ruwan sama shi ne ke yaga takardar lissafi gaba ɗaya. Yana sauƙaƙa wa jiki, tunda gudu ya ragu kuma an samu sanyi, amma yana ninka wa ƙwaƙwalwa aiki. Feshin da motar gaba ke tayarwa na rufe gani, mutum na bin 'yar jar fitila kawai. Spa na Beljiyam ya fi ko'ina wannan hali, zagayensa kilomita 7 ne a cikin dazuzzukan tuddai, sai a yi ruwa a wani gefe wani gefen a bushe, kuma babu tayar da ta dace da duka biyun. A 2021 an kasa yin tseren, aka yi 'yan zagaye a bayan motar jagora aka raba rabin maki. A Kanada a 2011 an shafe sama da awa huɗu, Jenson Button ya faɗa na ƙarshe a tsakiyar tsere kuma ya ci a zagayen ƙarshe. A nan ne ake ganin ƙiyasin direba na kansa, wanda ba kwamfuta ke yi ba. A 1976 Niki Lauda ya nemi a ƙaurace wa tsohon filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon sama da kilomita 22, domin masu ceto ba za su iya rufe shi ba. Abokan aikinsa suka rinjaye shi, aka yi tseren, kuma shi ne ya ƙone a cikin motarsa. Bayan mako shida ya dawo a Monza ya zo na huɗu. A tseren ƙarshe na shekarar, a Fuji ta Japan, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya yi zagaye biyu ya ajiye mota, kambun duniya ya tafi ga James Hunt da ratar maki ɗaya.

Ƙungiyoyi na da hanyoyinsu na rage ba-zata. Akwai na'urar kwaikwayon tuƙi a masana'anta, inda direba ke yin zagaye da yawa a filin da bai taka ba tukuna. Wasu na zagaya filin da ƙafa ranar Alhamis tare da injiniyoyi, suna duba inda aka yi faci da inda dakali ya canza. Sai atisaye uku na awa ɗaya-ɗaya, ko guda ɗaya tak a makon da ake ƙaramin tsere ranar Asabar, kamar yadda aka yi a Katar ɗin nan, abin da ya rage lokacin gano matsala. Duk da haka akwai abin da na'ura ba ta gani. A Las Vegas a 2023, minti takwas da fara atisayen farko, murfin wani ramin ruwa a titi ya ɓalle ya farfasa ƙasan motar Carlos Sainz.

Shi kansa mutumin da ke cikin motar yana da wuyar sawa a ma'auni. A Jidda a 2024 aka yi wa Sainz tiyatar gaggawa a ciki, aka kira Oliver Bearman, ɗan shekara 18, ya hau Ferrari a madadinsa bayan atisaye ɗaya kacal, a filin da na ce ina tsoro. Ya zo na bakwai, amma an ga yadda kansa ya lotsa matashin da ke gefen mazauni, alamar wuya ya gaji tun tuni. Sainz ɗin kuma ya dawo bayan mako biyu ya ci tseren Ostireliya. Duk mai ƙiyasin da aka tambaya kafin ranakun nan da ya ce ba za ta yiwu ba.

Idan aka fita daga Formula 1, tambayar ba ta canzawa, ma'aunin lokacinta ne ke canzawa. A Le Mans ta Faransa awa 24 ake yi, mutum uku na karɓa-karɓar mota ɗaya, kuma doka ta hana kowa wuce awa huɗu a cikin kowace awa shida. Wahalar can ita ce tuƙin tsakar dare da ratsa motocin da ba su kai taka gudu ba, tunda aji daban-daban ke gudu a titi ɗaya. A 1952, kafin irin waɗannan dokoki, Pierre Levegh ya tuƙa shi kaɗai kusan awa 23 yana kan gaba, injinsa ya lalace saura kimanin awa ɗaya. Tseren Dakar kuwa, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro kuma aka fara a ƙarshen Disamban 1978, mutanen Agadas sun san shi da idonsu, domin shekaru da dama yana ratsa garin da hamadar Tenere kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A can babu zagayen da za a haddace. Ana ba ka littafin hanya, na kusa da kai na karanta maka, kuma gajiyar yau ce jarin gobe har kusan mako biyu. Wanda motarsa ta kafe a yashi ya iso sansani da tsakar dare, da safe shi ma zai tashi tare da waɗanda suka yi barci.

Bayan abin da ya faru a Katar an ɗauki matakai. Tseren kansa dama an riga an tsara mayar da shi ƙarshen shekara, na 2024 ranar 1 ga Disamba aka yi shi. An yarda a buɗe 'yar kafar shigar iska a gaban mota. Daga 2025 kuma FIA ta kafa doka cewa idan hasashe ya nuna zafin da jiki zai ji zai wuce digiri 31, za a ayyana haɗarin zafi, a ɗora wa kowace mota na'urar sanyaya direba, wata riga mai siraran tiyo da ruwan sanyi ke zagayawa a ciki. Singafo ce ta fara samun wannan sanarwa a Oktoban 2025, Austin ta biyo baya bayan mako biyu. Sa rigar zaɓi ne a shekarar, wanda ya ƙi sai a ƙara wa motarsa nauyin rabin kilo don kada ya ci riba. Direbobi sun rabu a kanta. Wasu sun ce ta taimaka, wasu kuma, Verstappen a cikinsu, sun ce tiyon na takura su a mazaunin da dama can ba shi da sarari, kuma idan ƙanƙarar ta narke kafin a gama, ruwan ɗumi ne zai riƙa zagaya jikin mutum har zagayen ƙarshe.